Sam Cooper da kashi 13: me ya kashe reshen Criminal Minds na farko?

Ranar 17 ga Mayu 2011 tashar CBS ta Amurka ta soke wani shiri mai dogon zango wanda mutum wajen miliyan 9 zuwa 10 ke zama kallonsa duk daren Laraba. Sunan shirin Criminal Minds: Suspect Behavior, reshe ne da aka fitar daga shirin Criminal Minds, wanda ke jan ragamarsa kuwa Forest Whitaker ne, jarumin da shekara huɗu kacal kafin nan ya ɗaga kyautar Oscar saboda fitowar da ya yi a matsayin Idi Amin na Yuganda. Kashi 13 aka yi aka naɗe tabarma. Wanda bai san yadda kasuwar talabijin ta Amurka ke ci ba zai ce wannan ai wauta ce: ga tauraro, ga sunan da duniya ta sani, ga miliyoyin masu kallo, to me kuma ake nema? Lissafin kuɗi yana cikin amsar, za mu zo kansa. Amma a ganina shirin ya zo da ciwonsa tun yana kan takarda, kuma inda ciwon ya fi nunawa shi ne jikin mutumin da aka ɗora wa kayan duka, wato Sam Cooper, shugaban tawagar masu bincike da Whitaker ya fito a matsayinsa.

Sai an san uwar kafin a gane reshen. Criminal Minds ya fara fita a CBS ranar 22 ga Satumba 2005, Jeff Davis ne ya ƙirƙiro shi. Labari ne na wani sashe na hukumar FBI da ke Quantico a jihar Virginia, aikinsu karanta halin mai laifi daga irin ɓarnar da ya bari: yadda ya zaɓi wanda zai kashe, inda ya yar da gawa, abin da ya ɗauka, abin da ya ƙyale. Daga nan sai su tara 'yan sandan gari su ce musu ku nemi namiji mai shekaru kaza, mai irin sana'a kaza, wanda wataƙila aurensa ya mutu ko aka kore shi daga aiki kwanan nan. Sashen kuwa na gaske ne. An kafa tushensa a 1972, kuma jami'ai irin su John Douglas da Robert Ressler sun yi shekaru suna shiga gidajen yari suna hira da masu kisan ɗauki ɗai-ɗai, har mutum 36, don su gano abin da ya haɗa su. Sai dai jami'an gaske sun fi zama a kan fayil da hotuna suna ba 'yan sanda shawara. Na talabijin su ne ke hawa jirgi na musamman, su ɓalle ƙofa, su ceto yarinya ana saura minti biyar a tashi.

Zuwa 2010 shirin ya yi zango biyar, sama da mutum miliyan 13 na kallonsa a mako, tashoshin A&E da ION kuma suna maimaita tsofaffin kashi ba dare ba rana. CBS ta riga ta ɗanɗana daɗin reshe. CSI da ya fara a 2000 ya haifi CSI: Miami a 2002 da CSI: NY a 2004. JAG ya haifi NCIS a 2003, har ɗan ya zo ya fi uban girma, shi ma ya haifi NCIS: Los Angeles a 2009. Duk ɗan kasuwar da ya ga irin wannan riba ba zai bar Criminal Minds ya zauna ba ɗa ba.

Yadda ake yi a can, ba a fitar da sabbin fuskoki kai tsaye. Ana shigo da su baƙunta cikin kashi ɗaya na uwar, masu kallo su gan su kusa da waɗanda suka saba da su, tashar kuma ta auna ko sun karɓu. Haka aka yi ranar 7 ga Afrilu 2010, a kashin da aka sa wa suna The Fight a zango na biyar. Labarin ya faru a San Francisco: ana tsintar gawarwakin maza marasa matsuguni, shi kuma Cooper ya dage cewa kisan yana da alaƙa da wasu iyaye maza da ake sacewa tare da 'ya'yansu mata, ko da yake shugabanni ba su ba shi izinin bin wannan zare ba. Ya yi gaskiya, aka kama hanya. Edward Allen Bernero, wanda ke tafiyar da uwar a lokacin, shi da Chris Mundy suka tsara reshen. CBS ta amince, amma ba ta ba shi gurbi a watan Satumba da ake buɗe kakar shirye-shirye ba. Ta ajiye shi sai tsakiyar kaka, ta ba shi kashi 13 a maimakon 22 zuwa 24 da cikakken zango ke ɗauka. Ya fara fita ranar 16 ga Fabrairu 2011, ƙarfe goma na dare, daidai lokacin da uwar ke sauka.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk reshen da ya rayu a wannan fage, akwai abu guda da ya canza wanda ko yaro zai gane. CSI gari yake canzawa: uwar tana Las Vegas cikin dare da fitilun gidajen caca, Miami rana ce da teku da launin ruwan lemo, New York sanyi ne da dogayen benaye. Ko ka kashe sauti ka san wanne kake kallo. Law & Order irin laifin yake canzawa, shi ya sa reshensa na 1999, Special Victims Unit, ya keɓe kansa ga fyaɗe da cin zarafin yara, kuma har ya fi uwar daɗewa. To Criminal Minds fa? Ba shi da gari. Jirginsu yau yana Texas, mako mai zuwa yana Alaska. Amurka duka tasu ce. Irin laifin ma ba a bar komai ba, don tun farko mafi munin kisa suke bi. Babu garin da za a ba reshen, babu laifin da za a ware masa. Ya zama kamar mai tuwo ta kafa wa ƙanwarta rumfa a jikin tata, tuwo ɗaya miya ɗaya, tana sa ran wanda ya ƙoshi a nan zai matsa can ya sake sayen wani kwano.

Abin da marubutan suka samo a matsayin bambanci shi ne tsarin da suka kira Red Cell: ƙananan tawagogin kai ɗauki da ba sa bin matakalar ofis, daraktan FBI kaɗai suke amsa wa. Richard Schiff, wanda masu kallon The West Wing suka sani, shi ya fito a matsayin daraktan, Jack Fickler. Tawagar Cooper ba ta zaune a Quantico, a wani ɗakin motsa jiki take aiki, babu kwat babu laktaye. Kowa a cikinsu an ba shi tarihi mai ɗaukar ido. Jonathan Simms, wanda ake kira Prophet, ya yi zaman gidan yari saboda ya kashe wani mai lalata da yara, daga baya aka yi masa afuwa. Michael Kelly ne ya fito a matsayinsa. Mick Rawson tsohon sojan kundumbala ne na Birtaniya, gwanin harbi daga nesa, Matt Ryan ɗan yankin Wales ya ɗauki rawar. Ga Gina LaSalle ta Beau Garrett. Ga Beth Griffith, mace mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, wadda ba ta cikin kashin gwaji, daga baya aka ƙaro ta aka ba Janeane Garofalo, 'yar wasan barkwanci da ta riga ta fito a shirin 24.

A takarda wannan tawaga ce ta 'yan tawaye. A allo kuwa, da zarar an wuce minti biyar na farko, abin da mutanen Hotchner, shugaban tawagar uwar, suka yi awa ɗaya da ta wuce shi suke maimaitawa: a ga gawa, a zauna a yi muhawara, a tara 'yan sanda a karanta musu siffar wanda ake nema, a buga wa Garcia mai kwamfuta waya, a ruga. Kuma maganar cewa ba sa bin dokar ofis ba ta da nauyi, tunda a uwar ma ba a taɓa ganin takarda ta hana su hawa jirgi ba. Ka ce ka 'yanta mutum daga sarƙar da mai kallo bai taɓa gani a ƙafarsa ba, wa zai taya shi murna?

Batun Garcia ya cancanci a ɗan tsaya a kai, don yana nuna kuskuren fahimtar da aka yi. Kirsten Vangsness ta riƙa fitowa a shirye-shiryen biyu a matsayin Penelope Garcia, gwanar kwamfuta, don ta zama gada tsakaninsu. Amma abin da ya sa ake son Garcia ba saurin nemo adireshi ba ne. Barkwancin da ke tsakaninta da abokin aikinta Derek Morgan ne a waya, da yadda take kau da kai daga hotunan gawa, da yadda sauran suke lallaɓa ta kamar ƙanwa tun bayan da aka harbe ta a zango na uku. A reshen babu Morgan, babu wannan tarihi. Sai ta koma fuska a allon kwamfuta mai karanto sunaye.

Wannan shi ne sirrin uwar da CBS ta raina. Mutane ba don kisa suke dawowa duk Laraba ba, don iyalin suke dawowa. Sun san mahaifiyar Spencer Reid, ɗaya daga cikin jami'an, na fama da taɓin hankali, sun ga yadda ya kamu da ƙwaya bayan an sace shi an azabtar da shi a zango na biyu. Sun san abin da aka yi wa Morgan yana yaro a Chicago. Sun zauna sun saurari wani makashi, George Foyet, yana kashe Haley, tsohuwar matar Aaron Hotchner, shi kuma yana ji ta waya, a kashi na 100 da ya fita a Nuwamba 2009. An tara wannan shaƙuwa ne da kaɗan-kaɗan, minti biyu a nan, minti uku a can, tsawon shekara biyar. Irin wannan shiri minti 42 ne ko 43 idan an cire talla, kuma laifin mako ke cinye kusan duka. Abin da ke saura wa jarumai ɗan guntu ne, sai an tara shi ya yi yawa kafin ya zama wani abu.

A cikin wannan ƙuncin aka sa Forest Whitaker. Mutum ne da aka haifa a Longview ta jihar Texas a 1961, ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin Cannes na 1988 da ya fito a matsayin mabushin nan Charlie Parker, sannan ga Oscar ɗin 2007. Salon wasansa na nutsuwa ne. Yana jan numfashi, yana sauke murya har sai ka matso, yana barin shiru ya yi magana. Kuma kada a ce bai iya talabijin ba. A 2006 ya shiga The Shield na tashar FX a matsayin Laftanar Jon Kavanaugh, jami'in da ke farautar gurɓataccen ɗan sanda Vic Mackey, kuma masu kallo suka ga yadda mutum mai gaskiya ke lalacewa mako bayan mako har ya zama irin abin da yake farauta. A ER ma ya yi 'yan kashi da suka kai shi ga shiga takarar kyautar talabijin ta Emmy. Duka biyun labari ne guda mai ci gaba, inda abin da ya faru makon jiya ke bin mutum zuwa na yau.

Sam Cooper ba a ba shi wannan ba. An ba shi ɗabi'u, ba a ba shi labari ba. Tsohon ɗan sashen ne da ya ɓace na wasu shekaru yana wani aiki da shirin ya ƙi fayyacewa. Yana wasan sanda irin na Filifin, abin da Whitaker kansa ya koya a zahiri. Yana tsayawa a wurin da aka yi kisa ya yi shiru, ya lumshe ido, ya shiga cikin kan mai laifin. Yana kāre mutanensa ko da zai rasa aiki. Duk wannan ado ne mai kyau, amma me Cooper yake so? Me yake tsoro? Wa zai rasa idan ya yi kuskure? Marubutan sun ɓoye amsoshin suna shirin sakinsu a hankali, kamar yadda aka yi wa Hotchner da Reid, sai dai su waɗancan suna da shekaru a gabansu, shi kuwa makonni 13 gare shi. Abin da ya rage wa Whitaker shi ne ya cika gurbin da jikinsa da muryarsa. Sai ka ga jarumin da ya rikita duniya da Idi Amin yana zuba duk nauyinsa a kan jimlar da ba ta wuce "wanda muke nema namiji ne ɗan shekara talatin zuwa arba'in" ba. Masu sharhi a jaridun Amurka ba su raga masa ba, da yawa sun ce ya cika wasan. Ni dai ina ganin laifin na rigar ne da aka ɗinka ba a gwada mai sawa ba.

Ba shi kaɗai abin ya faru da shi ba a wannan shekarar. Laurence Fishburne, wani babban jarumin silima, ya karɓi jagorancin CSI a farkon 2009 bayan William Petersen ya tafi, shi ma ya bar shirin a 2011, aka kawo Ted Danson, ɗan talabijin tun fil azal, mai wasa da sauƙin kai. Irin wannan shiri ya fi son jarumin da zai zama ginshiƙi, ya tsaya cak mako ya zagaya shi, kamar Mark Harmon a NCIS. Jarumin da ke neman ya canza, ya tsage, ya zama wani mutum, tsarin ba shi da inda zai ajiye shi.

Abin takaicin, akwai shiri na gaske a ɓoye a cikin wannan, kuma kashin farko ya taɓo shi. A Cleveland aka sace wata yarinya farar fata daga unguwar masu hali, gari ya ɗauka, 'yan jarida suka cika titi. Sai ga wata uwa baƙar fata tana cewa ita ma tata 'yar ta ɓace kwanaki da suka wuce, ba wanda ya kula. Cooper ne ya tsaya ya saurare ta. Wannan matsala ce da Amurkawa da kansu suka daɗe suna magana a kai, yadda ɓatan wasu yara ke zama labarin ƙasa, na wasu kuma ko jaridar gari ba ta ɗauka. Haɗa wannan da gawarwakin marasa matsuguni na San Francisco, ka samu dalilin kafa tawagar da ba ta jiran izini: su ne masu bin shari'ar waɗanda ba wanda ke nema. Da an riƙe wannan a matsayin alƙibla, da reshen ya samu abin da Miami ta ba CSI, da Cooper ya samu abin da yake faɗa dominsa, da fushin da ke ƙarƙashin shirun Whitaker ya samu inda zai sauka. Amma makonnin da suka biyo baya aka koma gasar nemo mahaukacin da ya fi na jiya ban tsoro.

Shi ma wannan yana da farashi. Mandy Patinkin, wanda ya ja uwar a zango biyu na farko a matsayin Jason Gideon, ya ajiye aikin a 2007, daga baya ya ce yawan kisa da fyaɗen mata da ake nunawa kullum ya cutar da ruhinsa. Idan wanda ake biya ya gaji, ina ga mai kallo da ake so ya zauna awa biyu a jere, daga tara zuwa sha ɗaya na dare, gobe kuma aiki?

Sai kuma rashin sa'ar lokaci, wadda CBS ce ta jawo da hannunta. A Yuni 2010, makonni kaɗan bayan an amince da reshen, labari ya fito cewa an sallami A. J. Cook mai fitowa a matsayin JJ daga uwar, an kuma rage kashin da Paget Brewster mai fitowa a Emily Prentiss za ta yi. Mata biyu daga cikin uku na tawagar. Tashar ta ce dalilin na tsara labari ne. Masu kallo ba su saya ba, suka cika intanet da takardun koke, kuma da yawansu suka yanke hukunci cewa an rage albashin matan ne don a samu kuɗin biyan sabon shiri da babban tauraronsa. Ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba, abin da ya shafi reshen shi ne mutane sun yarda da shi, kuma su ne ainihin waɗanda aka gina shirin domin su. JJ ta fita a kashi na biyu na zango na shida. Kashin da aka nuna kamar Prentiss ta mutu ya fita ranar 16 ga Maris 2011, lokacin reshen yana da wata ɗaya cif. Wato mai kallo ya gama ganin ana binne wadda ya sani shekara biyar, sai a ce masa kada ya tashi, ga sabbin mutane. Kafin kakar ta ƙare CBS ta lashe amanta, Cook ta sa hannu a sabon kwantiragi, Brewster ma ta dawo a zango na bakwai.

Yanzu lissafin. Kashin farko ya ja mutum kusan miliyan 13, daga mako na biyu adadin ya zube zuwa wajen miliyan 10, ya riƙa yawo a ƙasa da haka. A wata tashar wannan abin yanka rago ne. Special Victims Unit da NBC ke nunawa a wannan awa ɗin bai fi haka samu ba, kuma aka sabunta shi. Amma tasha ba ta tambayar mutum nawa suka kalla kawai. Tana tambayar mutum nawa ta miƙa maka, nawa ka riƙe. Uwar tana sauka da mutum miliyan 13 zuwa 14 a zaune gaban allo, duk masu son irin wannan labari, sai reshen da aka ƙera musamman dominsu ya zubar da miliyan uku ko huɗu. Wani shiri dabam da ba shi da dangantaka da uwar zai iya yin haka, to amfanin sunan me ke nan? Ga kuma kamfanonin talla, waɗanda ba kowane ido suke saye ba. Alƙaluman kamfanin Nielsen na masu shekara 18 zuwa 49 su ne ke tsaida farashin daƙiƙa talatin na talla, kuma a nan ma reshen bai riƙe abin da aka ba shi ba.

Duk watan Mayu manyan tashoshi ke taruwa a New York su baje wa masu talla jadawalin kaka mai zuwa, a wancan zamanin CBS a zauren Carnegie Hall take yin nata. A lokacin ita ce tashar da ta fi kowa yawan masu kallo, jadawalinta cike yake, matsalarta ta gurbi ce. Tana da sabon shiri da take ji da shi, Person of Interest, tana so ta ba shi ƙarfe tara na daren Alhamis, gurbin da CSI ya riƙe shekara goma. To ina za a kai CSI? Aka duba, aka ga ƙarfe goma na daren Laraba. Kwana ɗaya kafin taron aka sanar da soke shirin Cooper. Akwai kuma dogon lissafi: babbar ribar irin waɗannan shirye-shirye tana zuwa ne idan sun tara kashi wajen 88 zuwa 100, a sayar wa wasu tashoshi su riƙa maimaitawa kullum. Mai kashi 13 yana buƙatar ƙarin shekara huɗu kafin ya kai nan, ana biyan albashin mai Oscar, kuma ribar ma rabawa za a yi, domin kamfanin ABC Studios na Disney abokin tarayya ne a mallakar shirin. Ba na ɗaukar batun mallaka a matsayin abin da ya yanke hukunci, tunda Person of Interest ɗin ma na Warner Bros. ne. Amma idan shiri yana tangal-tangal, rabin riba ba ya sa a yi masa haƙuri. A watan ma NBC ta soke Law & Order: LA bayan zango ɗaya, alamar cewa a 2011 babban suna shi kaɗai ya daina ɗaukar reshe.

Kashin ƙarshe ya fita ranar 25 ga Mayu, kwana takwas bayan sokewar. An riga an ɗauke shi da fatan za a dawo, saboda haka aka bar shi a rataye: an kama Beth Griffith, an sa Cooper a tsaka mai wuya, aka ji ƙarar bindiga, allo ya yi baƙi. Marubuta kan yi wannan dabara don su sa tasha jin nauyin sokewa, tasha kuwa ba ta jin nauyi. Abin dariyar shi ne wannan ne kusan karo na farko da aka sa Cooper a halin da zai iya rasa wani abu nasa, kuma a mintin ƙarshe na shirin aka yi.

Cewa ba ƙarancin gwanaye ne ya kashe shi ba, abin da ya biyo baya ya nuna. Michael Kelly ya zama Doug Stamper a House of Cards daga 2013. Chris Mundy ya tafiyar da Ozark a Netflix daga 2017 zuwa 2022. Matt Ryan ya samu nasa shirin, Constantine, a NBC a 2014, shi ma abin mamaki kashi 13 ya yi. Whitaker ya koma silima, sannan a 2019 ya ja shirin talabijin na Godfather of Harlem a matsayin Bumpy Johnson, labari guda mai ci gaba, zango gajere, shi ne tsakiyar komai, kuma shirin ya kai zango huɗu.

CBS ta sake gwadawa a 2016 da Criminal Minds: Beyond Borders, wanda Erica Messer ta tsara, Gary Sinise ya ja a matsayin Jack Garrett. A wannan karon an gane cewa dole a canza wuri, kuma tunda uwar ta cinye Amurka, sai aka fita waje: tawaga mai ceto Amurkawan da suka shiga matsala a ƙasashen duniya, har da Masar da Maroko da Afirka ta Kudu. Ya fi na farko kwana, ya yi zango biyu, kashi 26, amma ya ɗebo wata rigimar, domin duk ƙasar da aka je sai a nuna ta a matsayin ramin haɗari mai 'yan sanda marasa kai. Mutanen Singafo sun yi ca a kansa a 2017 saboda yadda aka kwatanta garinsu. Uwar kuwa ta ci gaba har zango 15, kashi 324, ta sauka a Fabrairu 2020. Da aka farfaɗo da ita a Nuwamba 2022 a manhajar Paramount+ da sunan Criminal Minds: Evolution, ba a ƙirƙiro sabuwar tawaga ba. Tsofaffin 'yan tawagar irin su Rossi da Prentiss da JJ da Garcia aka dawo da su, aka rage zangon zuwa kashi 10, aka sa su bin mutum ɗaya, Elias Voit, daga farko har ƙarshe.